Ranar da Aka Manta da Inna Azumi a Partago

Duk wanda ya tashi a layinmu na Zongon Parakou ya san Inna Azumi, ko don barkononta. A ƙofar gida take kasa kayan yaji: citta, kanumfari, masoro, kimba, daddawa, da wani dakakken barkono mai sa ƙaton namiji hawaye. A watan azumi aka haife ta, a gidan fataken goro da kakanninsu suka zo daga arewa tun da daɗewa. A Zongo ta yi aure, a nan mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya. Ni maƙwabciyarta ce, sunana Ramlatou. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma katangar gajera ce, shi ya sa na san abin da zan faɗa.

Ban taɓa ganin mace mai tsari irin Inna Azumi ba. Kowane ludayi da ƙusar da ake rataye shi. Tsintsiyar ɗaki daban, ta tsakar gida daban, kuma kada ka kuskura ka haɗa su. Yaran layi har cewa suke kajinta a jere suke shiga akurki, babba a gaba.

Ɗanta Saifullahi babbar mota yake tuƙawa, yau Kwatano, gobe Malanville, ba ya zama. Da yake ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce Direba. Wata rana ya je ɗaukar kaya Djougou, motarsa ta lalace a ƙofar wani gida. Ya roƙi wata budurwa ruwan sha. Ta ce to, ta shiga da gudu. Ya jira, ya jira, har ya fid da rai, sai ga ta ta fito rungume da 'yar kyanwa, tana cewa ya duba idonta ɗaya kore ne ɗaya ruwan ƙasa. Ruwa kam babu. Saifullahi ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Budurwar nan ita ce Ummuhani, kuma ita ya aura.

Ranar da aka kawo amarya, mahaifiyarta Balkisu ta riƙe hannun Inna Azumi ta ce, "Ki yi haƙuri da ita." Ta kai ƙofa ta dawo ta sake faɗa. Ta shiga mota ta leƙo ta taga ta kuma faɗa. Inna Azumi ta ɗauka maganar iyaye ce kawai.

Ni na fara ganin abin. Wata safiya Ummuhani ta ɗora shinkafa, ta shigo gidana aron gishiri. Ta tarar da ni ina tsifar kai.

"Yaya Ramlatou, wa yake miki wannan kitson? Zauna, zauna ki gani."

Na zauna. Hannunta kamar ba ya taɓa kai, ga sauri ga laushi. Tana kitso tana ba ni labarin wata gwaggonta da rago ya tunkuɗa cikin rijiya. Ta kai rabin kaina, sai ta ɗaga hanci ta shinshina.

"Kai, wata sakarai ta ƙona shinkafa a layin nan."

Ta yi wani layin kitso guda, sannan ta yi ihu ta zabura. Gishirin nan ta bar shi. Ni ma nan ta bar ni, rabin kai gwanin kyau, rabi kamar sheƙar tsuntsu, na yi kwana da kwanaki ban cire ɗankwali ba.

Aka aike ta niƙan masara, ta dawo da bokitin markaɗen wake, da sabuwar tsintsiya, da cikakken labarin faɗan da aka yi a wurin injin. Ba a daɗe ba sai ga mai ƙosan bakin masallaci ta yi sallama, ɗauke da garin masara, tana tambaya ko da wannan ake so ta soya ƙosai. Inna Azumi ta ɗaure mata makullin ɗaki a bakin zane don kada ya ɓata, yarinyar ta canja zanen ta jiƙa shi a wanki. Buta ta kwana a cikin firij. Ta taɓa zuwa kasuwa da takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya na Saifullahi, ba ta lura ba sai da wata mai tumatir ta tambaye ta ko ƙafar ta kumbura ne.

Inna Azumi ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne yarinyar ba ta musu, ba ta ƙarya, ba ta ɗaga ido. Kuka take yi na gaske, ta rantse ba za ta sake ba. Washegari ta tashi ta yi aikin mata uku kafin hantsi, ta wanke har tukwanen da ba a yi amfani da su ba, sannan ta fita ta bar famfo a buɗe.

Da faɗa ya ƙi, sai aka ce a gwada malam, wataƙila iska ce. Malam ya ba da laya da rubutun sha a kwalba. Layar ta ɓata tun a hanyar dawowa. Kwalbar kuwa Ummuhani ta ajiye ta a madafa, da yamma ta ɗauka ruwan daddawa ne ta juye a miyar kuka. Inna Azumi ta sha, Saifullahi da ya dawo ranar ya sha har da ƙari, ni ma an miƙo mini ta katanga na sha da yarana. Ummuhani kaɗai ba ta ci tuwon ba. Ta manta.

Matan layi suka fara ba da shawara, wai a gaya wa Direba ya mayar da ita gidansu. Inna Azumi ta ci gaba da ƙulla yajinta. Amma ni ina gani ta katanga, in yarinyar ta yi wata kwaɓar, tsohuwar kan tsuke fuska ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, sai in ji tana dariya cikin matashi.

Ana nan sai matar wan Ummuhani ta haihu a Djougou, su biyu suka shirya zuwa suna. Wannan ban gani da idona ba, daga bakinsu na ji, kowace da nata, na haɗa. Suka shiga motar haya a tasha, Inna Azumi a baya, Ummuhani a gaba an matse ta kusa da direban motar. Da suka isa Partago ranar kasuwa ce, motar ta tsaya, duk mutanen da ke zaune kusa da Inna Azumi suka sauka nan. Tsohuwa ta miƙa wa surukarta jaka, da waya da komai a ciki.

"Ɗiyata, riƙe mini. Zan kewaya in yi alwala in yi azahar. Ki ce wa mai mota ya jira ni."

"To, Inna."

"Me na ce?"

"In ce ya jira ki."

Ummuhani ta sauka da niyyar faɗa masa, sai idonta ya faɗa kan wata doya a bakin hanya, ƙatuwa kamar cinyar sa. Nan take ta tuna Inna na son sakwara. Ta tsaya ciniki, daga ciniki aka shiga hirar yadda ake gane doyar da ke dakuwa. Ta sayi doyar, ta rasa inda za ta sa ta, ta ga wuri babu kowa a kujerar baya, ta zaunar da ita nan. Sababbin fasinja suka shiga suka zauna a gefen doya. Mai mota ya leƙo ya ce, "Mun cika?"

Ummuhani ta ce, "Mun cika!"

Har Djougou tana hira da Inna ta bayan kafaɗa, don matsi bai bar ta ta waiwaya ba. "Inna, kin ga gonar can?" Shiru. "Inna, barci kike? Ki yi barcinki, kin gaji." Wani dattijo a baya ya dubi doyar, ya dubi ƙeyar Ummuhani, ya ga gara ya yi shiru.

Motar ta sauke ta kusa da gidansu. Balkisu ta fito tarba da guɗa, ta ce, "Ina surukar taki?" Ummuhani ta buɗe ƙofar baya da ladabi, har da ɗan rusunawa, ta ga doya.

Inna Azumi kuwa ta idar da salla ta fito, babu mota, babu jaka, sai butar aro a hannu. Ta zagaya kasuwar, ta dawo ta zauna a gindin mangwaro kusa da wata Bafillatana mai sayar da wagashi, wato cuku. Matar ta ga tsohuwa na huci ita kaɗai, ta ba ta nono ta sha, sannan ta tsayar mata da wani mai babur mai ƙafa uku da zai kai awaki Djougou. Haka Inna Azumi, da sabuwar atamfarta ta zuwa suna, ta zauna a tsakiyar awaki, ɗaya tana taunar gefen mayafinta. A hanya wani zemijan, wato ɗan acaɓa, ya wuce su a guje yana komawa Partago, da wata mace a baya tana kuka da ƙarfi. Inna Azumi ta ce a ranta, Allah sarki, wannan rasuwa aka yi mata. Ba ta gane surukarta ce ba.

Duk tsawon hanya tana shirya faɗan da za ta yi, ta jera shi daki-daki kamar kayan yajinta. Ta isa, babu wadda za a yi wa faɗan. Aka ba ta ruwa ta wanke warin awaki, Balkisu ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa.

"Yaya, ban ɓoye miki don mugunta ba, ban san me zan ce ba ne. Tun tana ƙarama haka take. A makaranta an dake ta har malamin ya gaji, suka ce ba ta ji. Kuma ta fi 'yan ajin gane karatu, in ta ga dama. Babanta ya daka, ni ma na daka. Mun kai ta wurin masu magani har Kandi. In kun dawo mana da ita, ba za mu ga laifinku ba."

Can da la'asar sakaliya Ummuhani ta shigo, ido ya kumbura, takalmi ƙafa ɗaya. Ta zube a gaban tsohuwa.

"Inna, ki ce ya sake ni kawai. Ni ma na gaji da kaina. Wallahi ina jin maganarki, ina son in yi, amma cikin kaina kamar kasuwa ne, kowa na kirana lokaci ɗaya. Wanda ya fi ihu shi nake bi."

Inna Azumi ta ce mini ta nemi faɗan nan da ta shirya sama da ƙasa ta rasa. Sai ta ce wa yarinyar, "Tashi. Ina doyar?"

"Tana nan, Inna."

"Tunda ita ta zauna a wurina, a dake ta."

Aka daka sakwara, kuma doyar ta daku.

A cikin 'yan suna akwai Latifa, 'yar kawun Ummuhani, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Parakou. Ta sha dariya har da riƙe ciki kamar kowa, amma da aka watse ta samu Inna Azumi ta ce mata ta taɓa jin irin wannan a wurin aiki, yana da suna, kuma akwai likitan da ke duba irinsa. Inna Azumi ta ce ita surukarta ba mahaukaciya ba ce. Latifa ta ce ita ma ba ta ce haka ba, a dai je.

Suka je. Ranar farko da aka kira sunan Ummuhani ba a gan ta ba, sai a ɓangaren rigakafin yara aka same ta, tana riƙe da jaririn wata mata da ba ta sani ba, tana masa waƙa. Likitan bai yi mamaki ba. Ya yi mata tambayoyi masu yawa, ya sa suka dawo, ya sake sa suka dawo, har ya yi magana da Balkisu ta waya kan yarintarta. Daga ƙarshe ya ce abin da Faransanci ana ce masa TDAH.

Inna Azumi ta ce, "Me?"

Ya maimaita a hankali.

"Tada hankali? Ai kuwa wanda ya raɗa sunan ya san ta."

Likitan ya yi dariya, ya ce ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, ba raini ba ne. Hankalinta ne ba ya tsayawa inda aka ajiye shi, tun haihuwa, kuma duka ba ya gyara shi. Ya yi musu bayanin magani, ya ce za a duba a ga ko ya dace da ita, amma akwai abin da mutanen gida za su fara tun yau. Aike ɗaya a lokaci ɗaya. A dube ta a ido in za a faɗa mata abu. Abin da take bukata ya zauna inda za ta gan shi. In tana aiki mai gundura, wani ya zauna kusa, ko bai taya ta ba. Ummuhani ta yi kuka a gaban likitan. Ta ce ita duk rayuwarta ta ɗauka muguwa ce.

Inna Azumi ta dawo gida ta ɗauki abin kamar sana'a. Ta kira kafinta ya cire ƙyauren kabad ɗin madafa, komai ya fito fili, ita da ba ta son ganin kwano a waje. Lokacin girki takan kwashe tiren yajinta daga ƙofar gida ta dawo bakin madafa ta zauna tana ƙulle-ƙulle, masu saye su shigo har ciki. Ba ta cewa komai, zamanta kawai. In Ummuhani ta nufi ƙofa da ludayi a hannu, sai ta ɗan yi tari, yarinyar ta dawo.

Saifullahi ma bai tsira ba. Ya saba ya kira waya daga hanya ya jero aike: a karɓo masa ɗinki, a gaya wa wane kaza, a nemo masa takardar mota, a dafa masa wake. Inna Azumi takan fizge wayar ta ce, "Direba, ɗaya." Ya ce, "Inna, ai duka ƙanana ne." Ta ce, "Ɗaya. In ta gama ka sake kira, ba kai ne mai waya ba?" Ta kuma hana shi ba abokansa labarin kwaɓar matarsa a wurin shayi. Ta ce dariya da ita daban, dariya a kanta daban, in bai san bambancin ba ya tambayi fuskarta.

Latifa ce ta kawo dabarar waya. Ta ɗauki muryar Inna Azumi tana cewa, "Ummuhani! Tukunya!" ta sa wayar ta riƙa faɗin haka lokacin sauke girki. Abin ya yi aiki sosai, har ranar da muka je gaisuwar rasuwa a unguwar Albarika. Ɗaki cike da mata, an yi tsit ana addu'a, sai muryar Inna Azumi ta fashe daga cikin jaka: "Ummuhani! Tukunya!" Mata da yawa suka zabura, wata ta ce innalillahi ta ruga gida da gudu don ita ma ta bar wake a wuta. Inna Azumi tana zaune a wurin bakinta a rufe, kowa na kallonta. Matar mamacin da ta kwana biyu ba ta ci abinci ba ta rufe fuska da mayafi, tana dariya a ɓoye.

Da tsohuwa ta lura kitso kaɗai ne ke zaunar da yarinyar wuni guda ba ta motsa ba, sai ta share zaure ta sa tabarma da madubi. Yanzu 'yan mata har daga Albarika suke zuwa. Ummuhani na kitso, Inna Azumi na gefe da yajinta, ita ke faɗin wa ke biye da wa, ita ke cewa a tsaya a yi salla, ita ke tura mata kwanon abinci da ƙafa har sai ta ci. Ba mai tashi da rabin kai, don tsohuwa a bakin ƙofa take zama.

Ba wai ta warke ba ne. Har yanzu takan tafi sayen albasa ta dawo da agwagwa. Inna Azumi ma ba waliyyiya ba ce. Akwai ranar da abin kan kai mata wuya, sai in ga ta shigo gidana ba sallama mai tsawo, ta zauna kan turmi ta ce, "Ramlatou, ba ni ruwa, kuma kada ki tambaye ni." Ta sha, ta huta, ta yi tsaki mai tsawo, ta koma. Wani lokaci takan yi faɗan da bai kamata ba, daga baya ta saya wa yarinyar soyayyen wagashi ta ajiye mata ba tare da ta ce komai ba.

Daminar da ta wuce gwiwar Inna Azumi ta hagu ta kumbura, ta kasa zuwa ko masallaci. Aka ba ta man shafawa a asibiti. Ummuhani ta ce ba mai taɓa ƙafar Inna sai ita. Kullum da safe takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ɗora ƙafar tsohuwa a cinyarta, tana tausa tana ba ta labarin abin da masu kitso suka faɗa jiya. Na leƙa ta katanga wata safiya, na sake leƙawa washegari, na kasa haƙuri. Da yarinyar ta shiga ɗaki na ce, "Inna, ba ta hagu ce ke ciwo ba?"

"Ita ce."

"To ai ta dama take shafawa."

"Na sani."

"Ba za ki gaya mata ba?"

Ta waiga ta tabbata ba a jin ta, ta rage murya. "Ke kin taɓa jin tausar yarinyar nan? In na gaya mata tun farko, ƙafa ɗaya kawai zan samu."

Ummuhani ta fito tana goge hannu, ta fara naɗe tabarma. Inna Azumi ta miƙe ƙafar hagu a hankali ta ce, "Madalla, ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Saura mai ciwon."